Tarken Zane: Ambaliyar Port-Marly ta Alfred Sisley

A darussan baya mun saba rarrabe jigo da salo a rubutacciyar waƙa. Yau za mu gwada wannan ma'auni a kan zane.

A shekarar 1876 kogin Sen ya cika ya tumbatsa, ya mamaye Port-Marly, wani ɗan gari a yamma da birnin Paris. Alfred Sisley, wanda aka haifa a Paris a 1839 amma iyayensa Ingilishi ne, ya yi zane-zane da dama na wannan ambaliya. Wanda za mu duba shi ne mai jirgin ruwa a bakin gida, yana ajiye a gidan tarihi na Orsay.

A hagu ga shagon mai sayar da giya, ruwa ya kai bakin ƙofarsa. Ga jirgi da mutane a ciki, ga jerin itatuwa tsaye cikin ruwa. Sararin sama kuwa ya ci kaso mai yawa na zanen. Jigo dai masifa ce, amma mai kallo natsuwa yake ji. Daga ina natsuwar ta fito? Daga salo. Sisley bai ja wa ruwa layi ba. Ɗan gajeren shafi yake yi da buroshi, a kwance, shuɗi kusa da fari, fari kusa da ruwan ƙasa, bai gauraya su ba. In ka matsa kusa, dabbare-dabbaren fenti kawai za ka gani. In ka ja da baya, sai idonka ya haɗa su, inuwar gida ta soma rawa a kan ruwa. Gidan da itatuwan, da yake a miƙe suke, su ke riƙe zanen kada ya narke baki ɗaya.

A nan ne nake da ja. Duk wanda ya ga abin da kogin Kwara ya yi wa unguwannin Yamai a 2020 ya san ambaliya ba ta da wannan ladabi: laka ce, da rushewar katanga, da kuka. Sisley haske ya zo kallo, asarar mai shago bai sa ta a zanensa ba. Ko da yake shi ma bai tsira ba, don cikin talauci ya mutu a 1899.

Aiki: ku siffanta ruwan wannan zane da jimla biyar, ba tare da kun yi amfani da kalmar "kyau" ba.