Masta, Wa Ya Ɗaura Maka Ɗamarar?

Sha'awar koyon faɗa ba baƙuwa ba ce a unguwannin Nima da Maamobi na Accra. Da yawa daga cikin dattawan da yau ke jan carbi a ƙofar masallaci sun yi samartakarsu ne a layin sayen tikitin silimar Dunia, zamanin da finafinan Hong Kong suka mamaye Accra, lokacin da Enter the Dragon na Bruce Lee, wanda ya fito a 1973, ya sa yara ihu da harba ƙafa a kowane lungu. Jikokinsu sun gaji sha'awar. Sai dai allon silima ya koma cikin waya, malaman faɗa kuma sun yawaita, kowa da laƙabinsa.

Duk mai duba takardun da ake mannawa a bango, ko mai bin TikTok da Facebook, ya san irinsu. Wannan Masta ne, wancan Sensei, na gaba kuma babban Masta na duk Afirka ta Yamma. Wani ya ce a haikalin Shaolin na ƙasar Sin ya yi karatu. Wani ya ce wani tsohon Bajapane ne ya ba shi sirrin gidansu kafin ya rasu, kuma bai ba kowa ba sai shi. Wani bai kai shekara arba'in ba, amma yana da mataki na goma a salon faɗa uku. Hoto da fararen kaya da baƙar ɗamara, takarda mai rubutun da ba mai iya karantawa a unguwar, sai lambar waya a ƙasa.

Adalci ne a faɗa tun da wuri cewa mafi yawan masu koyar da karate da tekwando da judo a Zango mutanen kirki ne. Suna tara yara a harabar makaranta ko gefen filin Kawukudi, suna raba su da zaman banza da ƙwaya, sau da yawa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Su ne ma na farko da maƙaryata ke cutarwa, domin uba mai neman inda zai kai ɗansa yakan bi wanda laƙabinsa ya fi tsawo.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda yaro yana motsa jiki. Damuwar tana da yawa. Akwai sidin da iyaye ke biya duk wata, da na jarrabawar ɗamara, da na takardar da ba wata ƙungiya da ta san da ita. Yaro zai shafe shekaru yana atisaye, ranar da ya nemi shiga gasa ta ƙasa a ce masa ɗamararsa ba ta cikin rajista, ya koma farko. Akwai rauni, domin wanda bai koyi faɗuwa a hannun gwani ba, ba zai iya koya wa ɗan wani yadda zai faɗi bai karya wuya ba. Mafi girma kuwa ita ce amana. Mutumin da ya iya ƙirƙiro malamin da bai taɓa gani ba, an damƙa masa yara ƙanana na awanni, yana taɓa jikinsu, suna rusuna masa suna ce masa Masta. Wanda ya fara hulɗa da iyaye da ƙarya bai cancanci wannan matsayi ba.

Gano irin wannan ƙarya bai kai wahalar da ake zato ba, saboda waɗannan wasanni suna da tarihi a rubuce. Jigoro Kano ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, kuma daga wurinsa tsarin matakai da baƙar ɗamara ya shigo wasannin faɗa. Daga wancan lokaci zuwa yau, mutum 15 kacal Kodokan ta bai wa mataki na goma. Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate daga tsibirin Okinawa zuwa Tokyo a 1922, ya rasu a 1957 bai taɓa ba wani almajirinsa matakin da ya wuce na biyar ba. Cibiyar Kukkiwon ta birnin Seoul, wadda aka buɗe a 1972, tana ba kowace takardar tekwando lamba, kuma ana iya duba sunan mai ita ta intanet. A ƙa'idarta akwai shekarun jira tsakanin mataki da mataki, ta yadda daga na farko zuwa na tara sai an shafe sama da shekara 30, mai shi kuma ya haura 50. Saurayi ɗan shekara 35 mai iƙirarin mataki na tara ya riga ya tona kansa, lissafi kawai ake buƙata.

Cutar ba ta Zango kaɗai ba ce, kuma ba ta talaka kaɗai ba ce. A Amurka, Frank Dux ya ce wani malamin Japan mai suna Senzo Tanaka ne ya rene shi, kuma ya lashe wata gasar sirri a tsibiran Bahamas a 1975. A kan wannan labari aka gina fim ɗin Bloodsport na Van Damme a 1988, fim ɗin da gidajen kallon bidiyo na Accra suka sha nunawa. A shekarar ce jaridar Los Angeles Times ta bi diddigi, ta ba da rahoton cewa adireshin ƙungiyar da aka ce ta shirya gasar na gidan Dux ne, kofin kuma a wani shago kusa da unguwarsu aka saye shi. Dux ya musanta, amma har yau bai kawo shaidar da ta gamsar da masu bincike ba. A ƙasar Sin kanta, mahaifar kung fu, abin ya kai ga ƙungiyar wushu ta ƙasa ta fitar da sanarwa a 2020 tana hana mutane naɗa wa kansu laƙabin babban malami ko magajin salo.

Abin da ya kamata ya ƙarfafa wa mutanen Zango gwiwa shi ne, ba sa buƙatar aron hanyar tantancewa daga ko'ina. A kanta aka gina unguwannin nasu. Tun zamanin fataken goro da shanu, baƙo ba ya sauka a Zango sai a hannun mai gida, wanda zai tsaya masa, ya shaide shi a kasuwa, ya ɗauki nauyin bashinsa. Haka Sabon Zango na Malam Bako ya ginu, haka Nima ta taso a kewayen Malam Amadu Futa a shekarun 1930. Tambayar "daga ina kake, wa ya san ka" ba cin fuska ba ce a nan, ita ce ƙofar shiga.

Haka abin yake a fagen ilimi. Ba wanda zai shimfiɗa buzu a Maamobi ya fara karantar da Risala ba a tambayi wurin wa ya yi karatu ba. Muƙaddamin ɗariƙa yana da ijaza, ijazar tana da silsila, sunaye ne a jere har zuwa tushe. Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ke kan wannan kujera tun 1993, an san ya yi karatu a Kumasi a wurin Sheikh Abdullahi Ɗan Tano, kuma faɗin hakan bai rage masa komai ba, ƙara masa daraja ya yi. Al'ummar da ta saba da wannan tsantseni a kan mai koyar da littafi bai kamata ta yi sakaci a kan mai koyar da naushi ba.

Dambe, wasan da Bahaushe ya gada daga mahauta, ya fi kowane wasa bayyana wannan. Ɗan dambe yana yawo da sunan ubangidansa a jikin nasa sunan: Bahagon Sanin Kurna, Garkuwan Cindo, Autan Sikido. Yana da ɓangare, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramada. In ya shiga fili a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ko a Kano, makaɗa sun san gidan da ya fito, 'yan kallo sun san wa ya kashe, wa ya kashe shi, da wa suka yi turmi uku babu kisa. Ba takarda, ba hatimi, amma ba mai iya ƙarya, domin shaidun suna zaune a kan benci. Shago ya shahara ne da abin da idanu suka gani a fage kafin makaɗi Ɗan Anace ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba. Samarin Nima da ke kallon dambe a YouTube sun san duk wannan.

Ba sai an je Najeriya ba ma. Bukom, unguwar 'yan damben boksin, tana nan cikin Accra, mota ɗaya ko biyu daga Nima. D.K. Poison ya doke Ruben Olivares a 1975 ya zama zakaran duniya na farko daga Ghana. Azumah Nelson ya doke Wilfredo Gomez a Puerto Rico a Disambar 1984. Ike Quartey ya ɗauki kambun duniya a 1994. Kowane faɗa da rana da wuri da sunan abokin karawa, kowane ɗan dambe da gidan atisayen da ya rene shi. Ko a ƙwallo, ɗan Nima Mohammed Kudus kowa na iya jero hanyarsa: Strong Tower ta cikin unguwa, makarantar Right to Dream, Nordsjaelland ta Denmark, Ajax a 2020, West Ham a 2023. Gwanin gaske hanyarsa a fili take, kuma yana alfahari da waɗanda suka ɗora shi a kanta.

To yaya za a yi da mai iƙirarin da ba a gamsu da shi ba?

Hanyar da jinin samari ke so ita ce ƙalubale: a fito fili a gwada, a ɗauka a waya, a watsa. Wannan hanya ba ta da alheri. A 2017 wani ɗan faɗa mai suna Xu Xiaodong ya tumurmusa wani malamin tai chi, Wei Lei, a birnin Chengdu cikin daƙiƙu kaɗan, duniya ta kalla. Abin da ya biyo baya shi ne shari'a da tara da takura a kan Xu, masu ƙaryar kuma ba su ƙare ba. A unguwa mai cunkoso kamar Nima, inda kowane Masta yake da yaransa, kowane yaro yake da 'yan layinsu, faɗan mutum biyu ba ya tsayawa a kan mutum biyu. Banda haka, faɗan ba ya amsa tambayar. Ƙato mai ƙarfi zai iya kayar da dattijon malami na gaskiya, kuma maƙaryaci mai ƙashi zai iya yin nasara. Zagi a TikTok shi ma haka, yana ƙara wa mai ƙarya 'yan kallo ne kawai.

Hanyar da ta dace ita ce wadda Zango ya saba da ita: tambaya cikin ladabi, a gaban shaidu. Uba ya je da kansa, ya gaisa, ya ce, "Masta, wa ya koya maka? A wane gari, a wace shekara? Su wa kuka yi karatu tare? Wace ƙungiya ce ta ɗaura maka ɗamarar?" Malamin gaskiya yana jin daɗin waɗannan tambayoyi, har ya ciro waya ya kira malaminsa ko abokin karatunsa. Wanda ya fusata, ko ya ce sirri ne, ko ya ce malamin ya rasu, takardun sun ƙone, abokan duk sun watse, ya ba da amsa ko da bai sani ba. Daga nan sai a bincika. Ghana tana da ƙungiyoyin karate da tekwando da judo na ƙasa, a ƙarƙashin Hukumar Wasanni ta Ƙasa, su ne suka fitar da 'yan wasa a Gasar Afirka da Accra ta karɓi baƙunci a Maris na 2024. Masu wannan harka a ƙasar ba su da yawan da za su kasa sanin juna. In magana ba ta tabbata ba, uba ya janye ɗansa ba tare da hayaniya ba, ya gaya wa maƙwabcin da ya tambaye shi abin da ya gano, ba ƙari ba ragi.

Akwai gyara guda da ya wajaba a yi, don kada a zalunci wanda bai ji ba bai gani ba. Rashin takarda ba laifi ba ne. Rajista da jarrabawa suna cin kuɗi, kuma akwai gwanaye a Zango da suka koya a hannun tsohon soja ko ɗan sanda, ko wani ɗan'uwa da ya dawo daga ci-rani, ba su taɓa riƙe takardar kowa ba. Wanda ya ce, "Ni a wurin wane na koya, shekara kaza, ban da takarda, ga abin da na iya," ya faɗi silsilarsa, kuma gajartarta ba aibi ba ce. Irin wannan ƙungiyoyin ƙasa ya kamata su nemo, su sauƙaƙa masa kuɗi, su gwada shi, su ba shi matakin da ya dace da shi, su koya masa taimakon gaggawa. Shi kuma wanda ya riga ya yi ƙaryar, a bar masa ƙofar dawowa: dattawa su kira shi gefe, ya sauke laƙabin da ba nasa ba, ya ci gaba da koyar da abin da ya sani.

Nauyin bai tsaya a kan iyaye ba. Shugabannin makarantun da ke ba da harabarsu da yamma, da kwamitocin masallatai, da sarakunan Zango na Nima da Maamobi, da ƙungiyoyin matasa, su ne masu gida na wannan zamani. Duk wanda zai ba wani fili ya tara yaran unguwa, ya fara neman sunan malaminsa da na ƙungiyarsa, ya kuma tabbatar da su kafin ya miƙa makulli. Iyaye kuwa, kafin a biya sidi ɗaya na wata mai zuwa, a je wurin atisayen, a zauna a kalla, a yi wa Masta tambayoyin nan huɗu.