Jinjina ga masu awon narkar da kara

Bayan kaka, duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram zai ga karan dawa da na gero a jibge, ga harawa bisa rumfuna. Saniya na cin kara ta rayu saboda ƙananan halittun da ke tumbinta suna fitar da sinadaran enzayim masu farfasa zaren tsiro su mai da shi sukari. Auna ƙarfin waɗannan sinadarai aikin wasu bayin Allah ne da ba a cika jin ɗuriyarsu ba: ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'inmu da cibiyoyi irin NAPRI da ke Shika.

Aikin sai mai haƙuri. A yanki 'yar takardar tacewa mai nauyin miligiram 50, a jefa ta kwalbar gwaji da ruwan enzayim, a bar ta awa ɗaya cur a zafin digiri 50. Sannan a zuba sinadarin DNS, kamar yadda wani masani mai suna Miller ya tsara a 1959, a tafasa minti biyar. Ruwan rawaya sai ya rikiɗe ja-ja. Iya duhunsa, iya sukarin da ya fito. Na'ura ce ke karanta launin, amma hannu ke ɗiga ruwan, kuma in wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, sai a koma farko.

Ita ma funfuna tana fitar da irin wannan enzayim, kuma wannan awon na taimakawa wajen gane funfunar da ta fi tausasa kara da ɓuntun shinkafa domin abincin dabbobi da rani. Hukumomi, a sama wa waɗannan ma'aikata sola da sinadarai, sun cancanta.