Gadon Katako a Mota: Matafiyan Hanyar Douala Sun Fi Kowa Buƙatarsa

Wasu bidiyoyi sun cika wayoyin samari yanzu. Bature a Amurka ko Faransa ya cire kujerun bayan motarsa, ya auna, ya yanka katako, ya haɗa gado da durowar tukwane da tufafi a ƙarƙashi, sannan ya tafi bakin tafki ya kwana don nishaɗi. A Kokoro da sauran unguwannin Kilomita Biyar (PK5) na Bangui, wasu na sha'awa, wasu na cewa aikin wanda ya ƙoshi ne. Ni a ganina dabarar tana da kyau ƙwarai, kuma mu muka fi su buƙatarta, domin mutanenmu da ke kwana a mota neman abinci ne ya fitar da su.

Akasarin kayan da ake sayarwa a kasuwar PK5, daga shinkafa da sukari har siminti, ta hanya ɗaya suke shigowa. Daga tashar jiragen ruwan Douala suke tasowa, su ƙetare iyakar Kamaru a Garoua-Boulai, su biyo ta Bouar, Baoro, Yaloke, Bossembele da Boali kafin su iso Bangui. Tafiyar ta haura kilomita 1,400, ga jiran kwastan a Beloko, ga jiran ayarin da sojoji ke wa rakiya. A Disamba 2020, da 'yan tawayen CPC suka tare hanyar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyaka har cikin Fabrairun 2021. To, ina mutanen da ke cikinsu suka riƙa kwana? Direban tirela galibi yana da ɗan makwanci a bayan kujerarsa. Karen mota kuwa tabarma yake shimfiɗawa a ƙarƙashin mota, a kan ƙasa mai danshi, sauro na ta cizonsa. Ɗan kasuwa mai Hiace ko Hilux da ke bin kasuwannin ƙauye shi ma naɗewa yake a kujera, ya wayi gari da ciwon baya, a haka zai kama sitiyari.

Abin takaicin shi ne katako a ƙofar gidanmu yake. Daga dazuzzukan Lobaye da Sangha-Mbaere ake sare sapelli da ayous da iroko, ana lodin gungumensu zuwa Douala, a bisa motocin da yaransu ke kwana a ƙasa. Kafintoci kuma ba mu rasa su ba. Wanda ya iya gadon amarya da kabad, wannan ba zai gagare shi ba.

Sai dai gadon mota yana da nasa sharuɗɗan, kuma a nan nake jin tsoron kwaikwayon bidiyo ido rufe. Sapelli yana da kyau da ƙarko, amma nauyi gare shi, kuma duk nauyin da aka ƙara, mai zai ci, ya kuma rage lodi. Ayous ya fi dacewa da shimfiɗar sama saboda rashin nauyinsa, a bar katako mai ƙarfi ga ƙafafu, a kuma shafe shi duka da maganin gara. Kada a haɗa shi da ƙusa zalla, domin girgizar ramuka kan sassauta ta. A sa noti, a ɗaure gadon da jikin motar sosai, tunda gadon da ba a ɗaure ba zai iya cimma direba a ƙeya ranar da ya taka birki da ƙarfi. A rage tsayinsa yadda mutum zai iya zama a kai, a bar ƙugiyar rataya gidan sauro, a kuma yi shi yadda za a iya kwance shi ranar da lodi ya yi yawa.

Batun durowa ma akwai abin lura wanda Baturen bidiyo bai damu da shi ba. Hanyarmu shingaye ne birjik. Ma'ajin da ya yi kama da maɓoya zai jawo wa direba tuhuma da ɓata lokaci, wani lokaci har da asarar kuɗi. A yi durowar a fili, mai buɗuwa da ja ɗaya, jami'i ya leƙa ya ga garin rogo da buta da sallaya da risho ya wuce. Kuma don Allah kada samun gado ya sa wani ya rufe gilasai ya kwana da garwashi ko inji a kunne. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Na san masu motoci za su ce kasuwa ba daɗi, haraji ya yi yawa. Gaskiya ne. Amma direban da bai yi barci ba shi ke kifar da mota, kuma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a Bouar ba zai sauke kaya a Bangui ba. Alhazai masu motoci na Kilomita Biyar, kafin ayari na gaba ya tashi, ku kira kafinta ya auna motocinku, ku fara da wurin kwanan karen mota.