Tallafin Karatu da Kuɗi a Wasannin Jami'o'in Amurka

A Amurka, wasannin jami'a babbar sana'a ce, musamman ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ake runguma a ruga da ita. Hukumar NCAA ce ke tsara mafi yawan gasannin. An kafa ta a 1906, bayan mace-macen 'yan wasa a fili sun sa Shugaba Theodore Roosevelt ya matsa wa jami'o'i lamba su gyara dokoki.

Tun farko an ɗora tsarin a kan aƙidar cewa ɗan wasa ɗalibi ne, don haka ba a biyansa albashi. A 1956 hukumar ta amince da tallafin karatu na wasanni, wanda ke ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da abinci da littattafai. Wannan ya buɗe wa 'ya'yan talakawa da dama ƙofar jami'a, cikinsu har da baƙar fata masu yawa. Dokar Title IX ta 1972, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ta faɗaɗa damar ga mata.

Sai dai ƙofar ƙunci gare ta. Kusan kashi 2 cikin 100 ne na 'yan wasan sakandare ke samun irin wannan tallafi, kuma da yawa rabi ko ƙasa da haka ake ba su. Shekaru da dama gurbi 85 ne iyakar abin da babbar jami'a za ta bayar a ƙwallon ƙafa. Jami'o'in rukuni na uku na NCAA da na Ivy League, irin su Harvard, ba sa bayarwa sam.

Kuɗi kuwa sun yi ta kwarara. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1984 ya sakar wa jami'o'i mara su sayar da haƙƙin nuna wasanninsu a talabijin. A 2010 NCAA ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 10.8 da kamfanonin talabijin na CBS da Turner kan gasar ƙwallon kwando ta maza. Masu horarwa suka riƙa karɓar miliyoyi, 'yan wasa kuwa aka hana su ko da kuɗin talla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Kotuna ne suka karya wannan shinge. Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan jami'ar UCLA, ya shigar da ƙara a 2009 saboda amfani da siffarsa a wasan bidiyo ba tare da biya ba. A 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka yi hukunci a kan NCAA baki ɗaya a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yulin shekarar ɗalibai suka sami damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu. Sulhun shari'ar House a 2025 ya tanadar wa 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace babbar jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Gyaran bai daidaita kowa ba. Kaso mafi tsoka na zuwa ga ƙwallon ƙafa da kwandon maza, ƙananan jami'o'i ba su da ƙarfin takara, ɗaliban ƙetare kuma sharuɗɗan bizar karatu na taƙaita musu neman kuɗin. Tunda 'yan ƙalilan ne ke zama ƙwararru, takardar digiri ce ribar da mafi yawansu za su dogara da ita, kuma da ita ya kamata a auna adalcin tsarin.