Kara-Kara a cikin fim ɗin "Zinder" na Aisha Maki: ƴan tsokaci

A shekarar 2021 Aisha Maki, ƴar asalin Damagaram, ta fitar da fim mai suna "Zinder", wanda ya tsaya kan unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyin samarinta da ake kira "pale". A ganinmu, ƙarfin aikin yana ga yadda ta bar samarin suna faɗar rayuwarsu da bakinsu: ɗaga ƙarfe, fasa dutse, kabu-kabu da fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma yanke musu hukunci ba.

Sai dai akwai abin dubawa. Kara-Kara unguwa ce da tun asali aka keɓe wa kutare da waɗanda gari ya ƙyamata. Fim ɗin ya fi ba tabon jiki muhimmanci bisa ga wannan tarihi, alhali tarihin ne ke bayyana tabon. Kalmar "pale" ma abar nazari ce: daga Faransanci take, ma'anarta fada. Samarin da aka tura bayan gari sun ari sunan gidan sarauta, a birnin da ke da fadar sarki, wanda kuma ya riƙe hedikwatar mulkin mallaka har 1926.

Saboda haka suna "Zinder" ya yi wa fim ɗin yawa. In ba a haɗa Kara-Kara da Birni da Zango ba, mai kallo zai ga waɗanda aka ware, amma ba zai ga masu warewar ba.