Ado a Motar Amarya: Aron Al'ada da Sabuwar Ma'ana

A ranar 29 ga Afrilu, 2011, Yarima William na Ingila ya fito daga fadar Buckingham yana tuƙa wata tsohuwar Aston Martin ta mahaifinsa, amaryarsa Catherine na gefensa. An ɗaura wa motar ribon da balan-balan, an sauya lambar baya da wadda ke shelar cewa yanzu aka ɗaura aure, a gaba kuma an manna jan harafin nan na masu koyon tuƙi. Duk wannan tsokana ce. A Ingila da Amurka abokai ne ke laɓaɓawa su yi wa motar ango wannan aika-aika yayin da ake can ana cin abinci: su rubuce gilashi, su ɗaura gwangwanaye da tsofaffin takalma a baya don su yi ta ƙara a kan titi. Ana danganta gwangwanayen da wata tsohuwar al'adar Faransa ta yi wa sababbin ma'aurata kiɗan tukwane da dare. Motar kuwa mutum biyu kawai take ɗauka, su bar taro su tafi abinsu.

A ƙasar Hausa ribon ɗin ya iso, balan-balan ma ya iso, amma tsokanar ba ta biyo su ba. Dalili shi ne aikin motar daban ne. A wurinmu ango ba ya tafiya da amarya. Kai masa ita ake yi. Bayan magariba ko isha, idan iyaye sun gama nasiha, za a fito da ita a lulluɓe, galibi tana kuka, a sa ta a kujerar baya tsakanin gwaggo da wata dattijuwa ko babbar ƙawa. Wa zai ɗaura gwangwani a bayan motar da gwaggo ke ciki? Abokan ango su ne masu kawo motoci, amma wasa da zolaya suna da nasu wurin, wato sayen baki, bayan an shiga ɗaki.

To me adon ke cewa? Shela yake yi, kuma kara ce. Addini ya so a bayyana aure, kuma motar da aka yi wa ado, tana gaba, jerin gwano na biye, ana danna oda, mata na rangaɗa guɗa, ta isa ta sanar da unguwa cewa ɗiyar wane ta tare. Dangin amarya kuma suna duban motar su auna darajar da aka ba su. Shi ya sa ake aro. Ango mai babur zai kwana uku yana zarya gidan wani Alhaji don a ba shi jif na awa biyu, kuma ba wanda ke ganin wannan ƙarya ce. Kowa ya san ta aro ce, abin da ake yabawa shi ne yana da mutanen da za su ba shi. A ganina, idan ana neman kakan wannan ado a gida, to dokin hawan angwanci ne, wanda shi ma sau da yawa na aro ne, ana shirya shi da jalala da sirdi mai kyau don ido ya gani.

Furannin da ake liƙa wa motar kuwa ina zargin daga Indiya suka biyo. Shekaru da dama Hausawa na kallon finafinan Indiya, inda ake rufe motar aure da furanni tun daga bonet har but. Mu da ba mu da kasuwar ɗanyen fure irin tasu, sai muka koma ga na roba da salatif, wanda ke barin tabo a fenti, mai mota ya yi ta mita.

Sai kuma zamanin dina ya zo da mota ta biyu. A nan ne ango da amarya ke zama tare a baya, kamar Turawa, mai hoto na gaba yana ɗauka. Wannan motar ba abokai ke yi mata ado ba. Masu adon wurin biki ne, a kan farashi, da launin da ya dace da ankon ƙawaye. Ta fi tsari, ba musu, amma motocin Kano da Kaduna da Maraɗi duk sun zama iri ɗaya, domin hoto ɗaya ake kwafa daga Instagram.

Inda nake da ja sosai shi ne wajen tuƙi. Rufe lambar mota da takarda mai sunan ango da amarya laifi ne a dokar hanya, ko da jami'an kiyaye haɗurra sun kau da kai don albarkacin biki. Fure a tsakiyar gilashin gaba yana tare wa direba gani, ga shi da dare ake tafiya. Mafi muni, motar da ta sha ado takan zama tamkar izini ga samarin da ke biye su yi tsere da wasan mota da babur, alhali an cika motocin baya da mata da yara. Mai aron mota da ya san ciwon kansa yakan haɗa ta da direbansa, ya kuma gindaya sharaɗi cewa ba a liƙa komai a gilashi ko a lamba.