Lamba a waya, toka a kasko

A jihar Texas ta Amurka, naman ƙirjin saniya kan yi awa goma sha biyu ko fiye a cikin hayaƙi kafin ya nuna. A da, mai gashi shi ke faskare itace, ya zauna gadin wuta har asuba. A 1986 Joe Traeger, mutumin garin Mount Angel a jihar Oregon, ya yi rajistar mallakar wani murhu da ya ɗauke wannan wahala. Ana zuba masa ƙananan curin garin katako da aka matse, wani dogon sukuru ya riƙa tura su kaɗan-kaɗan zuwa kaskon wuta, fanka na hurawa, na'ura na lura da zafi. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2006 kasuwa ta buɗe, kamfanoni irin su Green Mountain Grills da Pit Boss da Camp Chef suka shigo, Weber ma ya bi sahu a 2020. Yau da dama daga cikin murhunan nan a haɗe suke da intanet, mai gida na kwance a ɗaki yana ganin zafin wutarsa a manhajar waya.

Wannan sauƙi abin yabo ne. Illarsa ita ce ya haifar da masu gashin da suka san lamba amma ba su san wuta ba. Mutum ya saita digiri 225 a ma'aunin Amurka, wato wajen 107 a ma'aunin Salshiyas, da ya ga allo ya nuna 245 sai hankalinsa ya tashi, ya fara neman sabuwar na'ura.

Alhali hawa da saukar zafi ɗabi'ar wutar itace ce. A tsofaffin murhunan Traeger, idan an saita su a matakin hayaƙi, sukurun kan juya na daƙiƙa 15 ya huta na daƙiƙa 65. Idan itace ya zubo wuta ta tashi, idan ya cinye ta lafa, kuma a lokacin lafawar ne hayaƙi mai ƙamshi ya fi fitowa. Sababbin na'urorin da ake kira PID suna riƙe zafi kusan wuri guda, sai dai masu gashi da yawa sun koka cewa ɗanɗanon hayaƙi ya ragu. Shi ya sa kamfanonin suka dawo suna ƙara maɓalli na musamman domin yawaita hayaƙi.

Idan kuwa zafin ya rikice da gaske, galibi laifin ba na na'ura ba ne. Curin katako da ya sha danshi yakan kumbura ya koma gari, ya cushe sukuru kamar siminti. Toka idan ta taru a kasko takan toshe kafofin iska, wuta ta shaƙe. Sandar auna zafi da maiƙo da kunkunniya suka lulluɓe ba ta ba da lamba daidai. Wani lokaci itacen ya rarake a tsakiyar mazubi ya maƙale a gefe, sukuru na juyawa babu abin da yake turawa. Ga iska da sanyi, ga kuma mai gida da ke ɗaga murfi minti-minti don ya leƙa nama: duk ɗagawa zafi na fita, na'ura ta ƙara zuba itace, wuta ta zarce.

Mafi hatsari shi ne wutar da ta mutu cikin dare. Sukuru kan ci gaba da tura itace har kasko ya cika ya tumbatsa, wanda duk ya sake kunnawa bai kwashe ba yana iya tayar da gobara a cikin murhun.

Akwai kuma abin da ya shafi naman kansa. Idan zafin cikinsa ya kai wajen digiri 65 zuwa 75 na Salshiyas, yakan tsaya cak na awoyi, saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. Sabon shiga sai ya zaci murhu ya lalace, ya ƙara wuta, nama ya bushe.

Aaron Franklin na birnin Austin, wanda ya samu lambar yabo ta James Beard a 2015, da faskaren itace ya yi suna, ana bin layi na awoyi a ƙofar shagonsa. Ba a ce kowa ya zama Franklin ba, domin ma'aikacin da zai fita ofis da safe yana da haƙƙin yin barci. Amma ya kamata kamfanoni su rage tallan murhun a matsayin abin da za a kunna a manta da shi, su ƙara koya wa masu saye yadda wuta ke ci. Shi kuma mai murhu, kafin ya yi odar sabuwar na'ura, ya kwashe toka, ya goge sandar awo, ya karya curi ɗaya ya gani ko ya karye ƙas ko ya marmashe, ya adana sauran a rufaffen bokiti nesa da danshi.